Teburin Petrona

Potosi, 9 ga Oktoba

Zuwa ga 'yata Florinda,

Bayan gaisuwa, ina fata kina lafiya, ke da jikokina da wannan mijin naki. Ni ina nan, tarin ma yana nan. Matar maƙwabcina Basilio ce ke rubuta mini, in kin ga ladabi a ciki nata ne.

Kin ce in ƙetare iyaka in zo Ajantina. Ba zan zo ba. Dutsen nan da muke haƙa ya ƙosar da Turawa da azurfa, ya cinye ubana da ƙanena da ƙirjina, yanzu kansa ma loɓawa yake yi. Sai na ga ƙarshensa. Ku dai kun watse, wasu Chile, wasu wurinku, kun bar mu da sanyi.

Ranar Matattu ta matso, ranar da suke dawowa gida, kuma bana ce shekara ta uku da rasuwar uwarki Petrona, ta ƙarshe da za a yi mata tebur ta zo ta ci. Burodin da ake yi da siffarta, hannun 'ya ke murza shi. Ki zo. Ba don ni ba.

Ubanki,
Zenon Colque

Potosi, 4 ga Nuwamba

Florinda,

Ina gaishe ki, da fatan yara lafiya. Saƙonki ya iso, wai mai shagon ɗinkin da kike wa aiki ya hana ki zuwa. To.

Na shimfiɗa baƙin ƙyalle, na jera miyar gyaɗa, dankali, ganyen koka da muke taunawa da giyar masara. Burodin a kasuwa na saya, mai fuskar wata mata da ban sani ba. Basilio ya leƙo, ya ce mini, tsohon jaki, yaushe Petrona ta yi jan kumatu haka? Na ce ya je ya ji da nasa matattun, in suna kula shi.

Da tsakar rana ƙuda ya shigo, kin san a siffarsa matattu suke zuwa. Ya sauka a miya, ya sauka a koka, ya zagaya burodin bai taɓa ba. Sai ya nufi ɗakinki, ya daɗe a ciki.

Na ce wa uwarki motarku ce ta lalace a Villazon, a bakin iyaka. Duk zamanmu ban taɓa yi mata ƙarya ta yarda ba. Washegari muka kwashe tebur, muka sallame ta a maƙabarta. Da wannan maganar ta tafi, kuma ba za ta dawo in gyara ba.

Ki gaishe da yara.

Ubanki,
Zenon Colque