Tumatirin Innarki

Jandutsi, ranar Talata.

Zuwa ga ɗiyata Zulaiha,

Assalamu alaikum. Yau na tashi da sauƙin ƙirjin, amma ƙafafu sun kumbura, a zaune na yi sallar Asuba. Ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki Isiyaku da yara da mutanen Maiyama baki ɗaya. Kin san kunnena ba ya ɗaukar magana ta waya, shi ya sa na koma ga biro. Direba zan ba ya kawo miki.

Maganar tumatirin innarki ce, Allah Ya jiƙanta. Kin tuna irin da ta zo da shi daga Jiga Birni lokacin aurenmu, ƙananan nan masu ɗan tsami, da take matsewa a kan tsumma, ta shanya a inuwa, ta tura cikin gora da toka. Tun rasuwarta ban taɓa goran ba sai bana. Ita takan yafa rabi ta ɓoye rabi. Na yafa rabin, bai fito ba, irin ya tsufa. Hankalina ya tashi, na juye sauran duka. Kaɗan suka tsiro, na dasa su bayan ɗaki, yanzu sun yi 'ya'ya. Goran wayam yake, Zulaiha. Abin da ya rage na wannan iri a duniya, ga shi nan tsaye a ɗan fangali guda.

Shekaranjiya jiri ya ɗebe ni a bakin rijiya, guga ya tafi da igiyarsa. Kada ki gaya wa yayanki, zai zo ya kwashe ni zuwa Birnin Kebbi shukar ta bushe. Kande, matar maƙwabcina Alu, ta karɓi ban ruwan.

Ki shafa mini kan yara.

Mahaifinki,
Almustapha.

Jandutsi, ranar Lahadi.

Ɗiyata Zulaiha,

Assalamu alaikum, da fatan kun wuni lafiya. Zazzaɓi ya kwantar da ni tun bayan waccan takarda, yau ne na iya riƙe biro.

Jiya Kande ta kawo mini tuwo. A lomar farko na gane miyar. Ɗanɗanon hannun innarki ne, har na ɗaga kai ina duban ƙofa. Sai Kande ta ce, tana dariya, ta ga tumatirina sun nuna har suna shirin ruɓewa, mai su kuma yana kwance da yunwa, wagga ɓarna har ina! Ta tsinke su tas ta kai injin markaɗe.

Su ne na bari su nuna sosai don iri. Innarki takan ɗaura jan zare a kan waɗanda ta keɓe, kuma duk macen unguwar nan ta san ba a taɓa mai zare. Na gwada ɗaurawa, yatsuna suka kasa ƙulli, na ce sai na ji sauƙi. To me zan ce wa matar da take ɗauko ruwa a ka saboda ni? Na yi mata godiya, na cinye tuwon a gabanta.

Da ta fita na rarrafa bayan ɗaki ina lalube. Ƙarƙashin ganye na sami guda ɗaya da idonta bai kai ba, ya fara ja. Na kifa masa kwando. Amma ganyen sun yi farin zane irin na tsutsar nan da ta cinye gonakin fadama. Ina tsoron tsutsar, ina tsoron kaji, ina tsoron kirkin Kande. Ina kuma tsoron kwanciyar da ba zan tashi ba kafin ya nuna.

Ki roƙi Isiyaku ya bar ki ki zo ranar Juma'a. Ke kaɗai kika ga yadda innarki take matse shi. In kin iso kika tarar da tabarmi a ƙofar gida, kada ki tsaya kuka. Ki fara zagawa bayan ɗaki ki ɗaga kwandon, tun kafin matan da za su yi girkin sadaka su gan shi.

Mahaifinki,
Almustapha.

Ranar Juma'a, bayan La'asar.

Zulaiha, sallama da fatan alheri. Numfashi yau sama-sama.

Tumatirin ya nuna jawur, ya fara laushi. Na shafa shi na ji kamar ɗan rami kusa da hancinsa. Ban sani ba ko tsutsa ce ta shiga, ko yatsana ne yake ruɗina. Na wanke tsumma na ajiye, na tankaɗe toka. Na kai hannu zan tsinke, na ji tsoron kada in ɓata irin, na janye.

Tun hantsi nake zaure, ko masallaci ban je ba, don kada ki zo ki tarar ba kowa. Motocin Maiyama sun gama shigowa. Ba ki zo ba.

Mahaifinki.