Abin da Aka Binne a Ragar Gabas

Sabon Layi, Mubi
Watan Afrilu

Zuwa ga Adda Safiyatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, da maigidanki da yara, da duk mutanen Gombe. Mu nan sai godiya. Matata Khaulat na gaishe ki, ta ce kin manta da ita tun da kika samu sababbin ƙawaye.

Kada ki yi mamakin ganin takarda a hannun Kwaji direba alhali ga waya. Kin san kunnen Baba. Ƙafafu sun tafi, amma ko raɗa na yi a zaure yana ji daga ɗakinsa, a shago kuma masu kawo ɗinki ba sa bari mutum ya yi numfashi. Maganar nan ba na son ta kai gare shi.

Jikinsa da sauƙi. Yana cin abinci, yana shan maganin hawan jini idan Khaulat ta tsaya a kansa. Abin da ke riƙe da shi dai kin san shi: ranar da Mayo United ke wasa a gida. Tun hantsi yake sa a fito masa da hula, in ɗauke shi in sa a Keke Napep, in zaunar da shi bayan ragar gabas, wadda ya tsare a ƙuruciyarsa. Sai ki ji ana ta "Baba Gola! Baba Gola!" shi kuma yana ɗaga hannu kamar ɗan takara. Ban da wannan fitar ba shi da wata.

To Adda, ina jin ana shirin ɗauke mana kulob ɗin.

Kin ji cewa Alhaji Nasrullahi, mai manyan motocin nan, ya saye shi bara. Mun yi murna a lokacin, har ni na ɗinka tuta kyauta. Amma duba abin da ya biyo baya. Ya sallami kocin da ya san yaranmu, ya kawo wani daga Yola wanda ko hanyar unguwar Kolere bai sani ba. Ya sayar da mai ci mana ƙwallo. Sakataren da ya naɗa ba ya amsa sallama sai da gilashi a ido. Gidan Alhaji na Yola, ofishinsa na Yola, abokansa na Yola. Ni tela ne, idan na ga inda aka sa alli na san inda almakashi zai bi.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne na lokacin hutun gasa. An kewaye filin da kwano, an kulle, an kawo ma'aikata daga waje, ba a ɗauki ko mutum ɗaya na gari ba. Da muka je tambaya, sakatare ya ce gyara ne, ya ja gilashin motarsa. Da aka buɗe, ba fenti, ba sabuwar kujera, ba komai. Sai sawun sabuwar ƙasa a gaban ragar gabas, layi-layi, an dasa ciyawa a kai. Wane irin gyara ne ake yi a ɓoye, a kuma rufe shi da ciyawa?

Ki ba ni shawara, amma kada ki ce min ƙwallo ce kawai. Ki gaida yara.

Ƙaninki,
Mu'azu

*

Sabon Layi, Mubi
Farkon Mayu

Adda Safiyatu,

Assalamu alaikum. Ina fata kun tashi lafiya, kuma ciwon haƙorin maigidanki ya lafa. Saƙonki ya iso, da man zafin Baba. Allah ya saka da alheri, ya ce a gaya miki ya fi na wancan karon.

Na karanta faɗanki har sau biyu. Kin ce zargi ya yi min yawa tun ina yaro, wai har mai kunu nake zargi da ƙara ruwa. To ai tana ƙarawa. Ki saurari wannan ki faɗa min ko zargi ne.

Tun da aka buɗe filin nan ba mu ci ƙwallo ko ɗaya a ragar gabas ba. Ba wai ba ma kai hari. Wasan da ya wuce, yaronmu ya yanke gola, raga a buɗe, ƙwallo ta tafi sumul, ta zo kan layin sabuwar ƙasar nan ta yi tsalle ta haura sama. Da idona na gani. Fanareti ma ta daki ƙarfe ta dawo. Amma baƙi idan suka juyo wannan ragar, ko da dunduniya suka taɓa sai ta shiga. Yanzu muna can ƙasan teburi, saura kaɗan mu faɗa rukunin ƙasa.

Jatau, shugaban magoya baya, ya tara mu a rumfar mai shayi. Kin san shi, wanda ke buga ganga har muryarsa ta dishe. Ya ce mai gadin filin surukinsa ne, kuma ya rantse masa cewa ya ga an shigo da wasu dogayen abubuwa baƙaƙe, naɗe cikin ƙyalle, aka hana shi matsawa kusa. Jatau ya buga tebur ya ce, "Wannan Alhaji, ka gan shi shiru haka, akwai magana a cikin shi. Bol ya ƙi shiga, ba banza ba. An binne abu. Yana so mu gaji, mu bar zuwa, sai ya ce Mubi ba supota, ya kwashe tim ya kai Yola."

Wani malamin makaranta ya ce wataƙila 'yan wasan ne ba su iya ba, tun da an sayar da na kirkin. Aka yi masa ca. Ni kuwa na lura wa yake zama kusa da shi a masallaci.

Mun nemi ganin Alhaji. Aka ce ya yi tafiya. Muka koma, aka ce yana hutawa. Mutumin da ba ya ɓoye komai me zai hana shi fitowa ya yi mana bayani na minti biyu?

Baba bai san komai ba. Abin da ke ba ni tausayi, shi murna ma yake yi kwanan nan. Ana cin mu yana murmushi, yana ta kallon sama yana tambayar ko hadari ya fara haɗuwa ta wajen Digil. Na ɗauka tsufa ne. Idan aka kai kulob ɗin Yola, Adda, wannan bawan Allah ba zai iya zaman mota zuwa can ba, likita ma ya hana. Ina duban sa sai in ji zuciyata ta yi nauyi, in ji kuma haushin Alhaji ya ƙaru.

Ki sa mu a addu'a. Khaulat na gaisuwa.

Naki,
Mu'azu

*

Sabon Layi, Mubi
Tsakiyar Mayu

Adda,

Assalamu alaikum. Ina fata kowa lafiya. Ki yi haƙuri da rubutun, hannuna ba daɗi.

Mun tone shi.

Ranar Lahadi aka sake cin mu a gida. Litinin da safe, bayan na buɗe shago na bar yara a kan keken ɗinki, muka haɗu a bakin fili. Mutanen Digil da suka kawo kaya kasuwa suka zo da fartanya da diga, ba wanda ya roƙe su. Surukin Jatau ya buɗe ƙofa ya tafi shan shayi. Mun zo da wani malami ya yi addu'a tukuna, don kada ki ce mun yi abu da ka.

Ni na fara sara. Ban san ina da wannan ƙarfin ba. Muka bi layin ƙasar nan, ba mu yi nisa ba muka tarar da tsakuwa, shimfiɗe a tsare, irin wadda ba ta filin ba. Ƙarƙashinta ga ƙyallen. Da muka yage shi, sai ga baƙin bututun roba, jikinsa duk ƙananan huji. Ba ɗaya ba. Sun bi ta ƙarƙashin gidan gola kaf, sun haɗu, sun nufi bayan katanga.

Malamin makarantar nan, ban san wa ya kira shi ba, ya ce wannan ai kamar na janye ruwa ne. Jatau ya ce, "Ruwa a ina? Ka ga ruwa a nan? In na ruwa ne, me ya sa an ɓoye? Me ya sa an sa mishi riga?" Malamin addu'a ya leƙa cikin bututun ya ce shi dai bai ga laya ba, amma masu irin wannan aikin yanzu sun waye. Muka tumɓuke su duka, muka sassare, muka tara a bayan fili muka cinna wuta. Ramukan muka mayar da ƙasa daidai gwargwado, muka tattake.

Zan gaya miki gaskiya, da nake komawa gida raina bai kwanta yadda na zata ba. Amma kuma na tambayi kaina: in abin kirki ne, don me sakatare bai faɗa ba? Kalma ɗaya ce fa. Har yanzu ina nan a kan cewa akwai abin da suke ɓoyewa.

Jiya an yi ruwan farko, mai ƙarfi, har mayo, rafin nan namu, ya kawo. Baba ya sa na buɗe masa taga yana ta dariya, ya ce Lahadi mai zuwa ko ana ruwa sai na kai shi. Ban leƙa filin ba tukuna.

Kada ki faɗa wa maigidanki. Na san bakinsa.

Ƙaninki,
Mu'azu

*

Sabon Layi, Mubi
Ƙarshen Mayu

Zuwa ga Adda Safiyatu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fata kina lafiya da iyali. Mu ma lafiyar jiki akwai.

An rufe filin. Ruwan nan ya zauna a inda muka tona, ƙasar ta zabga, gaban ragar gabas ya koma tabki har da kwaɗi. Ranar wasa alƙali ya zo ya taka, ƙafarsa ta nutse, ya ce ba za a buga ba. Masu duba fili na hukumar gasa suka zo suka ga ramuka da ƙonannen roba, suka ce ba fili ba tsaro. Duk sauran wasanninmu na gida a Yola za a yi su, kuma ba wanda ya ce ga ranar dawowa.

Alhaji bai kai ƙarar kowa ba. Cikin kwana kaɗan ya samu fili a can, ya samu masauki. Jatau na cewa wannan saurin ya nuna da ma a shirye yake. Ni ma na faɗi haka a rumfar mai shayi, kuma wani ɓangare na zuciyata har yanzu bai sake shi ba. Sai dai yanzu ko na faɗa, ba na jin daɗin bakina.

Dole na gaya wa Baba, don ya riga ya sa hula. Na ce masa ruwa ya ɓata fili. Ya ce ba zai yiwu ba. Na ce wasu ne suka tone shi, suka cire abin da ke ciki. Adda, ban taɓa ganin fuskarsa haka ba, ko ranar da ƙafafunsa suka mutu.

Ashe shi ya roƙa. Da Alhaji ya sayi kulob, ya zo gaishe shi wata rana ina shago, Khaulat ta tafi unguwa. Ya tambaye shi me tsohon gola yake so a yi masa. Baba ya ce ba ya son komai sai a raba ragar gabas da ruwa. Ya ce min, "Wannan taɓo ya ci ni shekara da shekaru. Duk damina gola yana iyo. Na ce kafin in mutu in ga an yi ruwa, yaro ya tsaya a wurin da busasshen takalmi." Shi ya ce wa Alhaji kada a faɗa wa kowa, har ni, wai yana so ya ga fuskokinmu ranar ruwan farko. Shi ke ɓoye min, ni ina ɓoye masa, a gida ɗaya.

Sai ya ce tun da na san kowa a garin nan, in bincika masa su wane ne. Ba don ya yi musu komai ba, yana so ne ya tambaye su me ya yi musu. Na ce to.

Da la'asar na zo ɗaga shi zuwa kujera yadda na saba. Ya kama hannuwana, sai ya tsaya. Tafin hannuna duk bororon diga ne, ya fashe ya bushe, hannun da bai san komai ba sai allura da almakashi. Ya juya shi, ya shafa da babban yatsa, ya daɗe yana shafawa. Na jira ya yi faɗa, wallahi da ya yi da na samu sauƙi. Sai ya kira Khaulat ya ce ta kawo man kaɗanya, mijinta ya ji ciwo. Da kansa ya shafa min, hannu biyun duka.

Tun ranar bai sake tambayata ko na gano mutanen ba. Abinci kaɗan yake ci.

Adda, ki zo. Ki biyo Kwaji ko ranar Juma'a ce. Ke ya saba yi wa hira, ni yanzu na kasa zama a ɗakinsa, shi kuma ba ya korata.

Wassalam.

Ƙaninki,
Mu'azu