Jan Kati, Ɗaya Cikin Biyar

Ya Lamyai, ƙanwata masoyiyata, sanyin idona, ruwan farko da ke sauka kan gonar shinkafa bayan ƙasa ta tsage, furen bado a tafkin garinmu!

Daga kudu nake rubuto miki, inda sama ba ta gajiya da zubar ruwa, takalmin soja ya cinye mini ƙafa, shinkafarsu kuma wara-wara kamar yashi, ba danƙo irin tamu. Na gaji, Lamyai. Amma shirunki ya fi bindigar nan nauyi.

Kin tuna yammacin nan a inuwar gidanku, ana gobe ƙuri'ar shiga soja? Zaɓi biyu ne a gabana: in miƙa kaina in yi shekara guda, ko in sa hannu a akwati, baƙin kati in koma gida, ja in yi shekara biyu. Kika zuba baƙin wake takwas da ja biyu cikin kwandon shinkafa. "Rufe ido, matsoraci," kika ce. "Ja ashirin ne cikin ɗari. Ɗaya cikin biyar ke nan, Yaya, ko baunar da babana ke noma da ita ta san wannan!" Na ɗauko baƙi, kika yi dariya har da riƙe ciki. Wayyo, wannan dariya! Wane tsuntsu ne ya taɓa rera irinta?

Washegari waɗanda ke gabana suka yi ta kwashe baƙi, danginsu na ihun murna. Da aka zo kaina kati goma suka rage, huɗu ja. Na hango ki ta taga kina ƙirga da yatsu, na ga hannunki ya sauka. Na zura hannu, na zaro ja.

Yayata ta ce kin daina zuwa gidanmu, wai kina ganin ke kika tura ni. Ba zan ɓoye miki ba, na yi fushi. Na zagi wake, na zagi akwati, har sunanki na ambata. Amma gaskiya gaskiya ce: lissafinki bai yi kuskure ba. Ɗaya cikin biyar ba babu ba ne, dole ɗan wata uwa ya zama ɗayan. Hannun wa ya shiga akwatin? Naki?

Shekara biyu suka ɗauka, su riƙe, rabonsu ne. Don me za ki ƙara musu da kanki, ya hasken safiyata? Rubuto mini, ko da zagi ne. Soja ma sun gaya mini ranar da za su sallame ni. Ke fa?

Naki, ke kaɗai, har ƙasa ta rufe idona,
Thawin