Maganar da Na Faɗa a Kan Ƙodarki

Sharaɗa, Kano.

Zuwa ga yayata Aina'u,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigida Malam Dalhatu da yara. Allah Ya sa wurin ɗinkin tiyatar ya daina damun ki. Mu nan alhamdu lillahi, ƙafar Inna Asabe ma ta yi sauƙi har ta koma islamiyya.

Yaya, na yi ta kiran wayarki ba ki ɗauka, kuma ban ga laifinki ba. Na san maganata ta iso Damagaram, ba kuma ƙarya aka yi mini ba. Ranar da likita ta ce ƙwayar cutar da ta kwantar da ni, wadda suke kira CMV, tare da ƙodar da kika ba ni ta shigo, ban tsaya jin ƙarshen bayani ba. A gaban 'yan dubiya na buɗe baki na ce ashe ƙoda mai cuta aka dasa mini. Inna ta sunkuyar da kai tana gyara ledar ayaba da ba abin da ya same ta.

Ga abin da na ɓoye. Wata uku da dashen na koma kamfanin roba, aka sa ni jera bokitai. Kullum da ledar magunguna nake zuwa, da an tashi cin abinci sai Inuwa abokin aikina ya ce jama'a, kemis ya buɗe, a zo a saya, kowa ya kwashe da dariya. Kin san karatuna bai kai na karanta sunan magani ba, da launi nake gane su. Na tuna nas ta taɓa cewa wani mai ruwan hoda a cikinsu ba na riƙe ƙoda ba ne, sai na ɗauka ƙari ne kawai, na daina sha don ledar ta ragu. Da zazzaɓi da gudawa suka zo na ce maleriya ce, na yi shiru kada a hana ni aiki. Sai da na zube a gindin inji aka kai ni asibiti a adaidaita.

Washegarin waccan maganar likita ta zaunar da ni. Ta ce yawancin mutane na ɗauke da ƙwayar cutar nan a kwance, ba ta yi musu komai, sai ga irina da magani ya rage wa garkuwar jiki take tashi. Tun kafin dashen sun san da ita, shi ya sa suka ce in sha mai ruwan hodar wata shida. Ta tambaye ni ko ina sha. Na ƙura wa ledar ƙarin ruwa ido. Sati uku ana ba ni magani ta jijiya, kuma ƙodar tana aiki, amma likita ta ce saura ƙiris da na rasa ta.

Na faɗa wa Inna gaskiya, na kuma bi 'yan dubiyar nan gida gida na gyara maganata. Ke kaɗai kika rage, Yaya. Ki yafe mini don Allah. In muryata ba ta jiyuwa tukuna, ki faɗa wa Inna kawai, zan jira.

Ki gaida Mubina da ƙannenta. Malam Dalhatu kuwa, shi da ya sa hannu a takardar amincewa da tiyatarki yana kuka, ki gaishe shi in kin ga gaisuwata za ta karɓu.

Ƙaninki,
Muhyiddeen