Yarinyar da Ta Daina Shan Koko

Aboabo, Tamale
12 ga Fabrairu, 1957

Ƙanena Zubeiru,

Gaisuwa mai yawa. Ya Kumasi, ya goro? Kar ka yi mamakin rubutun, hannun Lamisi maƙwabciyata ne, don maganar ba ta ba wa 'yarka alƙalami ba ce.

Salimatu ba lafiya, ni kuma na kasa zaune na kasa tsaye. Sati uku ke nan tana riƙe mara. Ta dawo daga makaranta a duƙe, ko sallama ba ta gamawa ta wuce bayan gida, ta fito da hawaye. Na ce ko al'ada ce, ta zo ta wuce, ciwo na nan. Na ba ta maganin tsutsa, shiru. Na jiƙa tsamiya ko cikin ne ya ɗaure, na gasa mata da ruwan zafi, duk a banza.

Abin da ya fi tsaya min shi ne koko. Ni da nake sayar da shi, rabin Aboabo na layi a ƙofata, a gidana aka sami mai kau da kai. Ko ruwa ba ta sha da safe. Matan da ke ɗiban ruwa a pampo sun fara lissafi da yatsu, wai yarinya 'yar sha huɗu, ita kaɗai cikin maza talatin, kuma yanzu sai la'asar take dawowa. Ita ta ce fareti suke koyo na ranar 'yancin kai, ita aka zaɓa ta riƙe sabuwar tuta. Na tambaye ta da lallashi, na tambaye ta da faɗa, sai sunkuyar da kai. Ina jin tsoro, Zubeiru.

Yayarka,
Rakiyatu

Zango, Kumasi
19 ga Fabrairu, 1957

Yaya,

Bayan gaisuwa, takardarki ta same ni a kasuwa, ban iya gama awo ba. Ke kika dage a sa yarinyar boko, na bi ki don kin girme ni. To ga shi. Ki cire ta. Da an gama bikin nan, hanya ta yi sauƙi, zan hau lori in zo in ɗauke ta. Ban ce ta yi wani abu ba, amma ba zan bari a ci gaba da ƙidaya mata wata a bakin pampo ba.

Ki gaida yarinyar.

Zubeiru

Aboabo
4 ga Maris, 1957

Zubeiru,

Ina gaisuwa, a gurguje. "Yarinyar, yarinyar." Uwarta ta rasu shekara shida, kai kaɗai ka rage mata, har yau kana kunyar 'yar fari kamar sunan zai ƙone maka baki.

Ban cire ta ba. Na ce ta yi faretinta tukuna. Shekaranjiya wurin koyon faretin ta faɗi a fili da tutar a hannu, jiki kamar garwashi, aka kawo min ita a keke. Muka tafi asibiti. Wata nas 'yar kudu, Abla, ta danna marar nan, ta duba gefen dama ko tsiron hanji ne da ake yankewa, ta ce ba shi ba ne. Abin da matan pampo ke faɗa ma ta duba, ta ce da Hausarta ta kasuwa, "Maame, babu komai, yaro ne ƙanƙani." Sai da na zauna a ƙasa.

Daga nan ta kore ni waje. Ni! Ta yi mata tambaya guda da ni ban taɓa yi ba: sau nawa take fitsari a yini? Ciwon a mafitsara yake, ya fara hawa ƙoda. Ana yi mata allura safe da yamma, an ce ta sha ruwa kamar raƙumi. Sauran ita za ta faɗa maka, na ce ta rubuta da hannunta. Ni kunya ta ishe ni, sati shida ina ɗura mata jiƙo ina zarginta a zuci.

Rakiyatu

Asibiti, Tamale
7 ga Maris, 1957

Baba,

Ina gaishe ka da ladabi, da fatan kana lafiya. Ka yi haƙuri da abin da zan rubuta, Gwaggo ce ta tilasta ni.

Makarantarmu ba ta da makewayin mata, domin kafin ni ba a taɓa ɗaukar mace ba. Na maza katanga ce ba ƙofa. Da farko ina zagayawa bayan wata kaɗanya can nesa. Wata rana suka bi ni, suka hau bishiyar suna dariya. Tun ranar ban ƙara zuwa ba. Na ga idan ban sha komai ba tun asuba, zan iya riƙewa har a tashi. Da aka fara fareti sai ya zama har la'asar. Ba kokon Gwaggo na ƙi ba.

Ban faɗa ba don na san za a ce in zauna a gida, shi ya fi sauƙi. Gwaggo ta je wurin hedimasta, ya ce ba a gina wa mutum ɗaya makewayi, sai an rubuta wa hukuma a Ankara, babban birninmu. Nas Abla kuma ta ce in na koma yadda nake yi, ciwon zai dawo ya fi haka.

Jiya daga gadon nan na ji ganguna da tafi daga fili. Wani yaro ne ya riƙe tutar. Na yi kuka, amma ba ita ce damuwata ba. Ni ce ta biyu a lissafi, Baba. Idan ka zo ka ce in tattara kayana, zan tattara. Ina dai roƙonka ka bar ni.

'Yarka mai biyayya,
Salimatu

Kumasi
13 ga Maris, 1957

Yaya,

Gaisuwa. Na sa an karanta min takardar, na karɓa na sa an sake. Ina tafe ranar Asabar a lorin Imoru direba, da kwanon rufi shida da ƙyaure da sakata. Ki aro min diga da shebur. Ki gaya wa hedimasta ba sai ya rubuta Ankara ba, wuri kawai zai nuna min.

A dama koko da yawa. Ki gaida Salimatu.

Zubeiru