Turancin Kansila Halliru

Litinin, 10 ga Mayu, 1999
Halliru ɗan marigayi Ya'u ya zo, wanda mutanen Lajawa suka zaɓa kansila. Tsoronsa ranar da zai miƙe a majalisa Turanci ya ƙi fitowa. "Baba Malam, taimake ni kar in ji kunya." Tun rasuwar matata Indo babu wanda ya zauna a zauren nan har shayi ya huce.

Na ce masa Turancin yau da kullum kamar jera bulo ne: mai yi, abin da yake yi, sannan abin da ake nema. "We need a road." Cire hanya ka sa asibiti, gini bai rushe ba.

Alhamis, 13 ga Mayu
Ya dawo. Mun yi yadda ake tambaya, da yadda ake cewa a'a. Yana da kai. Na cinye tuwon da Hansai maƙwabciyata ta kawo, har ta yi mamaki.

Juma'a, 21 ga Mayu
Ya biyo daga kasuwa da 'yan siyasarsa, suka cika zaure. Na yi masa tambaya, ya amsa a zaune. Ban ankara ba na buga sanda a ƙasa: "Miƙe! Ba a amsa wa malami a zaune." Haka aka yi mana a makarantar Midil, haka na yi wa yara har na bar aiki. Ya miƙe, da babbar rigarsa. Na sa ya yi ta maimaitawa. Wani ya ce, "Ranka ya daɗe, saura kamun kunne!" Aka bushe da dariya. Shi bai yi ba.

Asabar, 29 ga Mayu
Rediyo sai murna, soja sun koma bariki. Halliru bai zo ba.

Talata, 1 ga Yuni
Ƙafafu sun kumbura. Ina jera wa bango jimloli. Hansai ta ce, "Baba, ka muzanta shi gaban jama'arsa fa. Ka je ka same shi mana." Ni? Ɗalibi ke zuwa wurin malami. Wataƙila haka zan mutu, da Turancin da babu mai so.

Lahadi, 6 ga Yuni
An yi ruwa. Ɗaki na zuba. Ba kowa.

Laraba, 9 ga Yuni
Na fita motsa ƙafa kawai. Hanya ce ta bi da ni ta gidan da Halliru ya kama a cikin gari. Ya durƙusa ya gaishe ni, bai dubi fuskata ba. Na ce, "Halliru, ranar nan bakina ya yi sauri." Sai ya ce, "Shigo, Baba Malam, rana ta yi zafi."

Mun yi jimlolin roƙo. Ba ya dariya kamar da. Ya ce nan gaba a gidansa za a riƙa yi, zai aiko da babur ran Asabar.

Ban ce to ba. Na dai ba Hansai farar rigata ta wanke.