Ganyen Mijina da Idon Babana

Anti, don Allah ki taimake ni, na rasa ta inda zan ɓullo wa wannan lamari.

Mijina mai bincike ne a ɗakin gwaje-gwaje. Aikinsa kiwon ƙwayoyin halitta na tantanin bayan ido a cikin 'yan farantai. Sai ya sa musu abin da zai kumbura su, ya ɗiga musu sinadarin da ya tace daga wani ganye, ya zauna yana kallo ko kumburin zai sauka. Har ranar hutu sai ya je ya ba su abinci. Ni dai ban taɓa jin sun gode masa ba.

Babana kuwa ciwon suga ya taɓa masa ido. Likita ta ce akwai kumburi a can baya, sai an riƙa yi masa allura a cikin idon. Ya yi guda, ya ce ta ishe shi. Ana cikin haka muka je gaishe shi, ya tambayi mijina ya aiki. Maimakon ya ce alhamdulillahi kamar kowane suruki, sai bawan Allah ya ce ganyen ya rage kumburi. Shi ke nan Baba ya daina zuwa asibiti, tunda ga magani a gidan 'yarsa.

Mijina kuma ba ya iya musa wa Baba. Duk sanda Baba ya tambayi maganin, sai ya durƙusa, ya sunkuyar da kai, ya ce ana kan aiki. A mota ne bakinsa ke buɗewa, ya yi ta yi mini bayani cewa ko a jikin ɓera ba a gwada maganin ba. Na faɗa wa Baba, ya ce ba fannina ba ne. Yanzu har ya fara cewa surukinsa na masa rowa. Shekaranjiya na tarar yana miƙa wa labule hannu, ya zaci ƙanena ne. Na shiga banɗaki na yi kuka. Tsoro nake ji, Anti.

'Yar Baba

'Yar Baba, sannu da haƙuri. Babanki ba wauta ya yi ba, duk wanda aka nufo idonsa da allura zai nemi hanyar zillewa. Mijinki ma bai yi ƙarya ba, kuma aikinsa na da amfani. Sai dai abin da ya yi aiki a faranti yana da doguwar tafiya kafin ya zama magani, da yawa ma ba sa kaiwa. Idon mai suga kuwa ba ya jira, abin da ya lalace ba lallai ya dawo ba.

Kunyar suruki tarbiyya ce, amma wannan ta wuce gona da iri. Tunda mijinki kaɗai Baba ke saurare, shi zai yi magana. In yana so ya durƙusa, in yana so ya kalli ƙasa, amma ya faɗa a fili cewa babu magani a hannunsa, kuma da a ce idonsa ne, da allurar zai je ya yi. Ya ɗauki Baba da kansa zuwa asibiti a satin nan, ya zauna kusa da shi. Ku gaya wa likita tsoron da Baba ke ji, ta san yadda za ta sauƙaƙa masa. Kada kuma a ɗiga masa komai na gida a ido.

Baba zai ji haushi, ƙila ya ɗan daina amsa gaisuwar mijinki. Ku ƙyale shi ya yi, gara ya harare shi da ido mai gani. Allah ya ba shi lafiya, ya bar ku tare.